Yadda Ake Yin Shirodara, Tsiyayar Mai a Goshi Irin ta Indiya

Tun da bidiyon nan ya fara yawo a wayoyin jama'a, na mutum kwance rigingine ana tsiyaya masa mai a goshi daga wata tukunya da aka rataye a samansa, masu karatu suke ta aiko da tambayoyi kusan iri ɗaya: da wane mai ake yi, minti nawa ake ɗauka, nawa ake kashewa, kuma ko za a iya shirya abin a gida. Wasu kuma ba a waya suka gani ba, 'yan'uwansu da suka je Indiya jinya ne suka dawo da labarin. Sunan wannan aiki shirodara. Yana cikin hanyoyin kula da jiki na Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, kuma jihar Kerala da ke kudu maso yammacin ƙasar ce ta fi yin suna a kansa. Ana yin sa ne domin samun natsuwa, da sauke gajiyar kai, da gyara barci.

Mutane da yawa suna zaton sirrin yana cikin wani mai na musamman da sai an yo odarsa daga Indiya, alhali abu biyu ne suke riƙe da aikin gaba ɗaya: ɗumin man kada ya sauya daga farko har ƙarshe, zubarsa kuma kada ta yanke. Man riɗin kasuwa da aka tsiyaya da ɗumi ɗaya ba tare da yankewa ba ya fi man magani mai tsada da ke sauka yanzu da zafi, an jima da sanyi, yana ɗiga yana tsayawa. Shi ya sa mutum ba ya yi wa kansa, kuma mutum ɗaya ba ya iya yi wa wani yadda ya kamata. Dole sai da mutum biyu a kan aiki, ɗaya yana riƙe da tukunya, ɗaya yana kula da mai.

1. A fara duba wanda za a yi wa

Ba kowa ake kwantarwa ba. Mai zazzaɓi, da mai mura ko toshewar hanci, da wanda yake da ciwo, ƙuraje ko makero a fatar kai ko a goshi, duk su dakata har su warke. Haka wanda ya bugu a kai ko aka yi masa tiyata a kai ko ido kwanan nan, da mai ciwon wuyan da ba ya iya kwanciya rigingine na rabin awa. Mai juna biyu, musamman idan ciki ya tsufa, doguwar kwanciya rigingine ba ta dace da ita ba. Mai farfaɗiya, da wanda jininsa yake yawan sauka har jiri ya ɗebe shi, sai sun ji ta bakin likitansu.

Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar riɗi. Kwana ɗaya kafin a yi, a shafa ɗigon man da za a yi amfani da shi a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, a bar shi. Idan wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko borin jini, an rabu da wannan man ke nan.

Gargaɗi: shirodara hutu ne, ba ya maye gurbin maganin asibiti. Mai hawan jini, ko ciwon damuwa, ko rashin barcin da ya daɗe, kada ya ajiye maganinsa don ya ji daɗin jikinsa bayan an yi masa. Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo wa mutum farat ɗaya kuwa, asibiti ake nufa da shi nan take.

2. Zaɓen mai da lissafin kuɗinsa

Man riɗi shi ne tushen mafi yawan mayukan Ayurbeda, kuma a nan mun yi sa'a, tunda riɗi amfanin gona ne a Jigawa da Nasarawa da Binuwai da sauran wurare. Wanda ake so shi ne na ɗanyen riɗi, mai haske, wanda aka tatse ba tare da an soya ƙwayar ba. Na soyayyen riɗi, mai duhu da ƙamshi mai ƙarfi, na girki ne, kuma wanda zai kwanta minti 30 da wannan ƙamshi a saman hancinsa ba zai samu natsuwa ba. A shinshina kafin a biya, a guji wanda ya daɗe har ƙamshinsa ya juya. Idan da hali a saya a wurin masu tatsa kai tsaye, saboda ana samun masu sirka shi da wani man mai araha.

Masu Ayurbeda suna ɗaukar man riɗi a matsayin mai ɗumama jiki, man kwakwa kuma mai sanyayawa. Don haka a lokacin bazara, ko ga mutumin da yake yawan kukan zafin kai, man kwakwa ya fi dacewa. Sai dai man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, wato a hunturu zai riƙa sandarewa a kan ledar da ake shimfiɗawa da cikin kwanon tarba, wanda ake tarbe man da shi, ya ba mataimaki wahala. Man kaɗe ya yi kauri, man ja yana rina gashi da tufa, man gyaɗa kuma ƙamshinsa ya yi yawa, duk ba sa cikin lissafi.

A cibiyoyin Kerala ana amfani da mayukan da aka dafa da saiwoyi da ganyaye, kamar Ksheerabala, wanda ake haɗawa da man riɗi da madara da saiwar wani tsiro mai suna bala, ko man tsiron Brahmi. Wanda ya same su daga amintaccen wuri yana iya amfani da su, amma a farawa, a nawa ganin, ba su cancanci ƙarin kuɗin ba. Akwai kuma nau'o'in da ba da mai ake yi ba, na madara da na tsala da aka haɗa da 'ya'yan itacen amla. Waɗannan suna saurin lalacewa, ba a maimaita su, kuma haɗinsu aikin gwanaye ne, don haka a bar musu.

Zama ɗaya yana cin lita 2 zuwa 3. Ba duka ke ƙarewa ba, tunda ana tarbe man ana mayar da shi cikin tukunya, amma gashi da tawul da leda suna shanye wani kaso a kowane zama, kuma mai yalwar gashi ya fi ci. A cibiyoyi da dama ana maimaita mai ɗaya ga mutum ɗaya har kwana uku, ana cike gurbin abin da ya ragu, sannan a canja. Bisa wannan, wanda zai yi kwana 7 a jere da lita 2 zai canja mai a rana ta ɗaya da ta huɗu da ta bakwai, lita 6 ke nan, ban da na ciko. Sai mai karatu ya ninka wannan da farashin lita a kasuwarsu a ranar da zai saya. Kuɗin mai shi ne babban kashin da za a kashe. Sauran kayan sau ɗaya ake sayensu, wasu ma suna nan a kicin.

3. Haɗa kayan aiki

Tukunyar da ake amfani da ita a Kerala ta yumɓu ce ko ta ƙarfe, mai faɗin baki, da huda a tsakiyar gindinta wadda ba ta wuce kan ƙaramin yatsa ba. Ana zira lagwani na auduga ta hudar, a ɗaure kansa na sama a jikin rabin ƙoƙon kwakwa da aka kife a ciki, yadda man zai bi ta ƙarƙashin ƙoƙon ya gangaro ta lagwanin. Lagwanin nan shi ne yake tattara man ya sauko a layi ɗaya. Idan babu shi, man zai riƙa lanƙwasa yana bin gindin tukunya, yana ɗiga inda ba a so.

A gida, kwanon silba mai zurfi da ke ɗaukar lita 2 zuwa 3 ya wadatar. A kai wa maƙeri ko mai walda ya huda tsakiyar gindinsa, huda mai santsin baki, ya kuma yi ƙananan huda uku a gefen bakinsa, tazararsu daidai, inda za a ɗaura igiya ko sarƙa. Gara hudar gindin ta yi ƙanƙanta a ƙara ta daga baya da ta yi faɗi. Lagwanin kuwa, a murɗa zaren auduga mai tsabta ko tsagin farin yadi na auduga, tsawon taƙi ɗaya, a ƙulla kansa ɗaya a jikin guntun itace mai santsi da zai gitta a cikin kwanon ya hana shi zamewa. Wanda ya fi son tukunyar ƙasa ya sani cewa sabuwa tana shan mai sosai, sai an shafe cikinta da mai an bar ta ta ƙoshi kafin ranar aiki.

Wurin ratayewa ya zama mai ƙarfi. Kafinta zai iya haɗa ƙafa biyu da sanda a gicciye da ƙugiya a tsakiya, mai faɗin gindi yadda ba zai yi rawa ba. Gargaɗi: kwano cike da mai nauyinsa ya kusa kilo 3, kuma a saman fuskar mutum yake. Ƙusa guda a silin ko igiyar shanya ba abin dogaro ba ne.

A Kerala akwai gado na musamman da ake sassaƙawa daga katako, mai gurbin kai da magudanar da ke kai man cikin kwano. Madadinsa a gida shi ne benci mai faɗi ko gado marar allon kai, a shimfiɗa leda mai kauri daga kafaɗa zuwa sama, a naɗe gefunanta biyu su zama kamar indararo, bakinta ya sauka cikin kwanon tarba da ke ƙasa. Sauran kayan su ne kwanonin tarba guda biyu, tukunyar ruwan zafi da kwanon ƙarfe da zai zauna a cikinta, ludayi ko kofi mai baki, ƙyallen tacewa, auduga, tsagin yadi mai laushi na ɗaure goshi, tsofaffin tawul uku ko huɗu, mayafi, da ma'aunin zafi irin na girki. Wannan na ƙarshen ba shi da tsada, kuma shi ne abin da ban yarda a yi tsimi a kansa ba.

4. Lokaci da ɗaki

Ana yi da safe ko da yamma, ana kauce wa tsakar rana. Daga ɗumama mai zuwa wanka aikin yana cin kusan awa biyu, don haka hantsi ya fi dacewa, saboda babu lokacin sallar da zai riski mutum a kwance da mai a kansa. Bayan la'asar ma yana yiwuwa idan an shirya komai tun kafin sallah. Kada a yi da cikakken ciki. A bari awa biyu ta wuce bayan cin abinci, kuma a zaga bayan gida kafin a kwanta.

Ɗakin ya zama shiru, marar iska, mai ɗan duhu. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, domin iska tana kaɗa zaren man tana kuma sanyaya shi kafin ya taɓa goshi. A kashe waya, a sanar da mutanen gida. A cibiyoyin Kerala al'ada ita ce namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, kuma wannan ya zo daidai da tsarin gidajenmu. Mace ta tsefe kitsonta tun jiya, ta cire ɗankunne da sarƙa.

Gargaɗi: idan da gawayi za a dafa ruwa, murhun ya zauna a waje. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, kuma wanda ke kwance zai ɗauka barci ne yake fizgarsa.

5. Gwaji kafin a kwantar da kowa

Mutane suna tsallake wannan mataki, kuma daga nan yawancin matsaloli suke farawa. A rataye kwanon, a ajiye kwanon tarba a daidai inda kai zai kasance, a zuba mai mai ɗumi a duba. Abin da ake so shi ne zare ɗaya miƙaƙƙe, wanda bai kai kaurin fensir ba, yana sauka ba ƙara ba fallatsi. Idan yana ɗiga ɗai-ɗai, lagwanin ya cika hudar, sai a rage masa zare. Idan yana kwarara, a ƙara. A duba agogo a ga minti nawa kwanon yake ɗauka kafin ya sauko rabi, domin wannan ne zai nuna wa mataimaki saurin da zai yi. Da mai za a gwada, kuma mai ɗumi, saboda ruwa ya fi mai gudu, mai sanyi kuma ya fi mai ɗumi nauyin tafiya.

6. Ɗumama mai

Ba a ɗora mai a kan wuta kai tsaye. A zuba shi a kwanon ƙarfe, a zaunar da kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi, a riƙa juyawa har ma'auni ya nuna digiri 38 zuwa 40, wato ya ɗara ɗumin jiki kaɗan. Ko da ma'auni a hannu, a ɗiga a cikin tsintsiyar hannu, yadda uwa take gwada ruwan wankan jaririnta. A tanadi filas biyu na ruwan zafi a gefe domin sabunta ruwan tukunya idan ya huce, yadda ba sai an fita ɗakin ba.

Gargaɗi: fatar goshi ta fi ta yatsa saurin jin zafi, kuma man yana sauka a wuri ɗaya na tsawon lokaci, saboda haka abin da yatsa ya ji daidai yana iya ƙona goshi. A kuma kula kada ruwa ya faɗa cikin man, domin man da ruwa ya shiga ba ya ajiyuwa.

7. Kwanciya da ɗaure goshi

Mutum ya kwanta rigingine, kansa a ƙarshen benci a kan leda. A naɗe ƙaramin tawul a sa a ƙarƙashin wuyansa yadda kan zai ɗan karkata baya kaɗan, goshi ya koma gangare zuwa gashi. Wannan karkatar ita ce take kai man cikin gashi maimakon ido. Kada a wuce gona da iri har haɓa ta kalli silin, domin wuya zai ƙage. A sa matashi a ƙarƙashin gwiwoyi, a lulluɓe jiki da mayafi.

A murɗa tsagin yadin nan a ɗaura shi a zagaye da kai, ya bi ta saman gira da saman kunnuwa, ƙullin ya zauna a gefe, kada ya danne ƙeya. Ya kama yadda mai ba zai bi ta ƙarƙashinsa ba, amma kada ya matse har ya jawo ciwon kai. A ɗora audugar da aka jiƙa da ruwa aka matse a kan kowane ido, a toshe kunnuwa da busasshiyar auduga. Daga nan a ɗebi mai kaɗan a tafin hannu a yi tausar kai da wuya da kafaɗa na minti 5 zuwa 10, da tumbin yatsu, ba da farce ba.

Sai a daidaita tsayin kwanon. Ma'aunin da aka gada shi ne faɗin yatsu huɗu tsakanin bakin lagwani da goshi, kimanin santimita 7 zuwa 8. Idan ya fi haka nisa man zai riƙa dukan fata yana fallatsa, kuma yana hucewa a hanya. Idan ya matso da yawa lagwanin zai riƙa shafar goshi a lokacin kaɗawa.

8. Tsiyayar kanta

Mai riƙe da kwano ya zauna a kujera ta wajen kai, ya toshe bakin lagwani da yatsa, a cika kwanon. Zubin farko ya sauka a bayan hannunsa, sannan ya janye hannun a hankali man ya sauka a tsakiyar goshi, sama da tsakanin gira kaɗan. A tambayi mai kwanciya sau ɗaya ko ɗumin ya yi masa, daga nan magana ta ƙare, sai dai a yi yarjejeniya tun farko cewa zai ɗaga hannu idan wani abu ya dame shi. Yawanci a daƙiƙun farko za a ga gira ta ɗan tattare, fatar ido tana motsi a ƙarƙashin auduga. Wannan ba komai ba ne. Idan ɗumin ya yi daidai, can sai a ga kafaɗu sun sauka, yatsun hannu sun saki, numfashi ya yi tsawo.

A bar man a tsakiyar goshi na 'yan mintoci, sannan a fara kaɗa kwanon daga wannan gefen goshi zuwa wancan, a hankali ƙwarai, tafiya ɗaya ta ɗauki daƙiƙu da yawa. Ba lilo ake yi da kwanon ba, hannu ne yake kai shi yana dawo da shi, kuma saurin kada ya sauya. Kuskuren masu koyo shi ne gaggawa, da kuma zane-zane a goshi don su nuna gwaninta. Duk wani sauyi na ba-zata yana dawo da hankalin mai kwanciya, alhali abin da ake nema shi ne ya daina lura da inda man yake. Lokaci zuwa lokaci a dawo tsakiya a tsaya, sannan a ci gaba. Ɗaya hannun yana iya shafa gashi baya a hankali domin man ya ratsa.

Aikin mataimaki ya fi wuya, kuma a hannunsa nasarar zaman take. Idan kwanon tarba ya tara mai, ya zare shi ya maye gurbinsa da na biyu a take, ya tace man ta ƙyalle saboda gashi, ya juye a kwanon ɗumamawa, ya duba ma'auni, sannan ya mayar a kwanon da ke rataye. Ya riƙa zubawa ta jikin gefen kwanon, sannu a hankali, domin zubi mai ƙarfi a tsakiya yana girgiza zaren. Kada ya jira kwanon ya kusa ƙarewa. Da zarar man ya sauka ƙasa da rabi nauyinsa yana raguwa, zaren ya sirance, idan kuma aka cika shi a lokaci ɗaya sai ya dawo da ƙarfi da sabon ɗumi, mai kwanciya ya zabura. Ƙari kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ne daidai. Ya kuma kiyaye ƙarar kwanoni da ludayi, ya shimfiɗa tawul a inda yake ajiye su.

Zaman farko ya tsaya a minti 20 zuwa 30. Idan jiki ya karɓa, a ƙara a hankali zuwa 45. A cibiyoyi ana kaiwa awa ɗaya, amma a gida babu bukatar haka. Idan mai kwanciya ya yi barci a ƙyale shi, a ci gaba.

Gargaɗi: idan mai ya shiga ido, a tsaya a goge daga ciki zuwa waje da tsabtataccen ƙyalle, a wanke da ruwa mai tsabta. Idan mutum ya ji tashin zuciya, jiri, bugun zuciya, ko wani firgici ya taso masa, a dakatar nan take, kada a lallashe shi ya daure.

9. Tsayarwa da tashi

A dawo da man tsakiyar goshi na minti biyu ko uku, a tare shi da tafin hannu, a kawar da kwanon daga saman fuska kafin a yi komai. A matse gashi a hankali man ya gangara cikin kwanon tarba, a goge goshi, a kwance ɗaurin, a cire audugar ido da ta kunne, a naɗe kai da tawul. A Kerala ana murza wani garin magani mai suna Rasnadi a tsakar kai a wannan gaɓa, a bisa fahimtarsu cewa yana tsare mutum daga mura. Inda babu shi, rufe kai da kyau ya isa.

Mutum ya ci gaba da kwanciya minti 10 zuwa 15, sannan ya juya gefe, ya zauna, ya ɗan jima kafin ya miƙe, mataimaki yana kusa da shi. Gargaɗi: a goge ƙasa tun kafin ya sauko da ƙafa. Tayil da ɗigon mai, ga mutumin da ya tashi da nauyin barci, haɗarinsu ya fi na duk sauran matakan.

10. Wanka da sauran yini

A bar man a kai kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya, a cikin ɗaki. Wajen wankewa, a fara shafa shamfu ko sabulu a kan gashin yana da mansa, a cuɗa sosai, sannan a kawo ruwa. Idan aka fara jiƙa gashin, sabulun ba ya kama man, sai a yi ta wanki ba a gama ba. Ruwan kai ya zama mai ɗumi kaɗan, kada ya yi zafi kuma kada ya yi sanyi. A busar da gashi sarai kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hula.

Sauran yinin a yi shi a natse: abinci marar nauyi mai ɗumi, ban da ruwan ƙanƙara, ban da shiga rana ko iskar hunturu da kai a buɗe. Kada a hau babur ko a ja mota da an tashi, sai nauyin jikin ya sake.

11. Ajiyar mai da maimaitawa

A tace man da ya rage, a bar shi ya huce, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta sunan mai shi da kwanan wata. Man da aka yi wa wani ba a yi wa wani da shi, ko da miji da mata ne, domin cututtukan fatar kai suna bin sa. Ba a kuma girki da shi. Lagwani da auduga sababbi ake sawa a kowane zama. Man da ya ƙare aikinsa kada a tuttule shi a magudanar banɗaki, yana toshe ta. Tawul ɗin da suka sha mai a wanke su da ruwan zafi da sabulu a shanya a fili, kada a tara su a dunƙule a lungu, saboda tsumman da ya jiƙe da mai yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta.

A tsarin Ayurbeda ana yin zaman ne a jere, kwana 7 ko 14 ko 21, a lokaci ɗaya kullum, ƙarƙashin kulawar likitansu. Ga mai neman hutu kawai a gida, sau ɗaya a mako ko kwana uku a jere ya isa a gane ko abin ya karɓe shi.

Idan babu mataimaka

Littattafan Ayurbeda sun kawo hanyoyi huɗu na sa mai a kai: shafawa da tausa, tsiyayawa, ɗora auduga mai mai, da tare mai a cikin wata hular fata da ake ɗaurawa a kai. Ta ƙarshen aikin asibiti ce. Ta uku kuwa, wadda suke kira picu, mutum shi kaɗai zai iya: ya yi tausar kai, ya jiƙa faffaɗar auduga da cokali uku ko huɗu na mai mai ɗumi, ya ɗora a tsakar kai, ya ɗaure da ƙyalle, ya zauna shiru na rabin awa. Ba ta kai tsiyaya ba, amma ta fi tsiyayar da mutum ɗaya yake yi yana gudu tsakanin murhu da kwano.

Ga wanda zai je cibiya

A Indiya akwai ma'aikatar gwamnati mai kula da wannan fanni, AYUSH, wadda aka kafa a 2014, kuma tun 2023 akwai biza ta musamman ga masu zuwa neman irin wannan magani. Likitan Ayurbeda na gaskiya yana da digirin BAMS, karatun shekara biyar da rabi, kuma cibiyar kirki ba ta kwantar da mutum sai irin wannan likita ya gan shi ya tambaye shi lafiyarsa. A Kerala suna ɗaukar damina, musamman tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, a matsayin lokacin da ya fi dacewa da waɗannan ayyuka, don haka mai niyyar zuwa a lokacin ya nemi gurbi da wuri.

Ko a Indiya ko a wani wurin gyaran jiki na kusa, kafin a biya a tambaya: wane mai ne, sabo ne ko an yi wa wani da shi, mutum nawa ne za su yi aikin, minti nawa ne na tsiyayar kanta ban da tausa, kuma kuɗin ya haɗa da mai da ganin likita ko kowanne daban. Idan aka haɗa wa mutum da magungunan sha, ya nuna wa likitansa na asibiti kafin ya fara. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2004 ya samu dalma, ko zaiba, ko arsenik, waɗanda duk guba ne, a cikin 14 daga 70 na magungunan Ayurbeda da aka saya a shagunan yankin Boston a Amurka. Mai dawowa gida kuma ya tsara zamansa na ƙarshe ya kasance aƙalla kwana ɗaya kafin ranar hawa jirgi.